Neman taimako kan sashe na 96 na CAMA, dokar kamfanoni ta Najeriya

Assalamu alaikum manyan lauyoyi da 'yan'uwana ɗalibai. Ina Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda, jarrabawa ta gabato, wani batu a dokar kamfanoni ya tsaya mini a wuya.

A shari'ar Kelner da Baxter ta 1866 a Ingila, kotu ta ce kamfani ba zai iya amincewa da kwangilar da aka ƙulla kafin a yi masa rajista ba. Sashe na 96 na dokar CAMA ta 2020 kuwa ya ba shi wannan dama, kuma kafin ya amince, nauyin na kan wanda ya sa hannu, sai dai in an yi yarjejeniya ƙarara akasin haka. Wannan na gane.

Ga inda na maƙale. A ce mutum ya karɓi buhunan shinkafa bashi da sunan kamfanin da bai yi rajista ba, aka rubuta a takarda cewa babu ruwansa da bashin. Bayan rajista kamfanin ya sayar da shinkafar, daraktoci kuma suka ƙi amincewa da kwangilar. Wa mai shinkafa zai kai ƙara? Sayar da kayan ya isa ya zama amincewa, ko sai daraktoci sun zartar da ƙuduri?

Don Allah duk mai hukuncin kotun Najeriya kan wannan ya taimaka mini.