Ginin Lego daga ka, ba takardar kwali: ku ba mu labarin yadda kuka yi

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Kawun yarana ya aiko musu da kwalin Lego daga Ingila, motar kashe gobara da ofishinta. Sun bi takarda sun haɗa, suka more ta kwana biyu suka wargaza, yanzu komai na cikin bokitin fenti. To Khalifa ya ce zaure yake so mu gina, irin na gidan kakansa, har da zankwaye. Bangon bai kai kamu ɗaya ba, ana ɗaga shi ya rabe biyu. Waɗanda suka saba gini daga ka, yaya kuka yi da naku na farko?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Ko ban ga bangon ba na san bulo kan bulo kuka jera, gaɓa a kan gaɓa. Ka tsaya wurin magini ka ga yadda yake ɗora bulon siminti: na sama yana haye mahaɗar biyun da ke ƙasa. Haka za ku yi, musamman a kusurwa, layi ɗaya ya shigo daga gabas, na bisansa daga arewa. Juya bulo ɗaya ka duba cikinsa, za ka ga 'yan bututu. Su ke matse maɓallan na ƙasa, wato 'yan ƙululun nan da ke saman kowane bulo, kuma tsarin ke nan da kamfanin ya yi wa rajista a Denmark a 1958, shi ya sa bulon wancan zamani yake shiga na yau daram. Ka riƙe lissafi guda: faifai uku, wato siraran nan, tsayinsu ɗaya da bulo ɗaya. Ni nawa na farko gada ce, kuma faifan ne suka tsayar da ita. Duk bayan layi uku ko huɗu sai in shimfiɗa dogon faifai ya ɗaure bangon baki ɗaya.

Maman Ilham: Mu namu ba daga kwali ya zo ba, wurin masu gwanjon kayan wasa na saya a leda, an cakuɗa komai, har da kan 'yar tsana da batir matacce. Abin da ya fi ba ni aiki shi ne tsince jabu. Na asali ko wane maɓalli akwai sunan LEGO rubuce a kansa, ƙanana ƙwarai, sai an kai haske. Cikin sauran akwai masu kyau, ban ce babu ba, amma akwai waɗanda ko dai su ƙi shiga ko su ƙi fita, kuma guda ɗaya a tsakiyar bango ya isa ya ɓata gini. Na wanke su da sabulun wanke-wanke a ruwa mai ɗumi-ɗumi, banda mai zafi, na baza a tabarma a inuwa.

Sai shawarar da nake ba kowa: kada ku ware da launi. Ku ware da siffa. In ka tara jajaye duka a roba ɗaya, neman ƙaramin ja a ciki sai ya ci maka rabin yini, amma in 'yan ƙanana suna wuri ɗaya, ja da kansa yake leƙo ka. Robobin man shafawa da gwangwanin madara nake amfani da su. Ilham ta gina rumfar mai shayi, da benci da tukunya, tayoyin mota ta mayar murhu.

Ɗan Agadas: Ni dai hasumiyar babban masallacinmu na ɗauko, ban nemi mai sauƙi ba. Wanda ya san ta ya san tsayinta mita 27 ne, ta ƙasa ce, tana tsukewa a hankali har sama, ga itatuwa sun fito ta ko'ina a jikinta. Wahalar tana wurin tsukewar. In ka ja baya da maɓalli ɗaya a kowane hawa, matakala za ta fito maka. Na daɗe ina juya abin kafin in gane amfanin wani ɗan faifai mai faɗin maɓalli biyu amma maɓalli ɗaya tal gare shi a tsakiya. Shi yana matsar da gini rabin maɓalli, milimita 4 ke nan tunda tsakanin maɓalli da maɓalli milimita 8 ne. Da shi gangarar ta yi laushi, daga nesa ido ba ya kama matakalar.

Itatuwan kuma da bulon Technic na yi, masu huda a gefe, na soka gajerun sanduna. Ban jera su sak ba da gangan, don na asalin ma ba da ma'auni aka kafa su ba. Launi ne ya so ya kayar da ni, ruwan ƙasa bai ishe ni ba. Sai na gauraya da ruwan toka da mai kalar yashi, na ɓoye shuɗi da kore a ciki inda ba mai gani. Wani tsoho da ya zo gaishe da mahaifina ya tsaya a kanta ya ce ai daga gefen kasuwa na kalle ta. Gaskiyarsa.

Baban Khalifa: Allah ya saka, Injiniya, bango ya tsaya. Amma mu jajaye ne suka fi yawa, na motar gobara. Zankwayen kuma har yanzu ba mu san ta inda za mu ɓullo musu ba.

Maman Ilham: To jar ƙasa fa, Baban Khalifa? Zaure ja ai ba baƙon abu ba ne. Zanko kuwa ku nemi masu gangaran nan na rufin ofishin, ku haɗa biyu baya da baya a kan kusurwa, ku ɗora ƙaramin mai tsini a sama.

Hajiya Toronto: Maganar launi ɗaya ta tuna mini. A nan garin akwai Ekow Nimako, ɗan asalin Ghana, wanda kusan da baƙin Lego zalla yake aiki. Na je na ga birnin da ya gina a gidan tarihin Aga Khan, Kumbi Saleh 3020 CE, da bulo wajen guda 100,000. Ya ɗauki babban birnin tsohuwar daular Ghana ya hango yadda zai kasance nan da shekara dubu. Abin da ya tsaya mini a rai, da ba launi sai siffa ta fito, kana ganin ko wace ƙofa da ko wane lungu ta inda haske ya faɗa. Da na dawo gida na ba jikokina farare kawai na ce su yi abin da suka ga dama. Rigima aka fara yi, daga baya aka samu raƙumi, ko da yake ƙaramar ta rantse doki ne. Ku dai kula da 'yan ƙasa da shekara 3, komai baki suke kaiwa. Su Duplo ya dace da su, manyan nan.

Auta: Yayyena ni fa ban da bulo ko ɗaya, a kwamfuta nake gini. Akwai manhaja kyauta, Studio, ta shafin BrickLink, kasuwar da masu sha'awar abin suke sayar wa juna bulo ɗai-ɗai tun 2000, kamfanin LEGO ya saye ta a 2019. Na zana ƙofar Gidan Makama a ciki, ta lissafa mini duk abin da zan buƙata. Da na duba kuɗin aike zuwa Kano sai na rufe kwamfutar na sha ruwa. Zanen dai yana nan. Tambayata, in mutum ya gama gini ba zai sa gam ya huta ba?

Injiniya: Gam kuma? Auta, ka kashe bulon ke nan. Manyan gumakan da ake girkewa a wuraren wasa ana manne su, don jama'a na taɓawa, amma kai da ke da bokiti ɗaya, bulon da ke zaure yau shi ne jirgi gobe. Ɗauki hoto ka rushe.

Ɗan Agadas: Nan kam ban bi ka duka ba, Injiniya. Gam ban sa ba, amma hasumiyata ba mai rushe ta. Tana cikin kabad mai gilashi saboda ƙurar hunturu, da burushin fenti mai laushi nake share ta. Kuma nesa da taga, don rana na mayar da fari ruwan ɗorawa. Wani abokina ya ce in kai ta LEGO Ideas, inda in mutum 10,000 suka goyi bayan gininka kamfanin ke duba yiwuwar fitar da shi a kwali. Na karanta ƙa'idojinsu, ba sa karɓar gine-ginen addini. Kai ne ma, Auta, taka ƙofar za ta iya shiga.

Auta: Mutum 10,000, Yaya? Bari in fara da gyara bakan ƙofar, har yanzu ya fi kama da ƙofar gareji. Wa ya san yadda ake lanƙwasa baka ba tare da bulon baka na musamman ba?

Injiniya: Masu gangara na kife, waɗanda faɗinsu yake sama. Ka jera su daga hagu da dama suna matsowa har su haɗu, sannan ka ɗaure samansu da dogon faifai. Turo zanen in ga faɗin ƙofar tukuna.