Ƙawata fitilun mota a Amurka: a wace jiha ake kamawa?

Mai tambaya, Columbus: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mota ce mai lambar Ohio, ana son sa mata fitilar ado a ƙarƙashi, a sauya ƙwayayen gaba zuwa LED, amma tana yawan shiga Michigan da Pennsylvania. Wanda ya sani ya taimaka.

Rewaya, Houston: Wa alaikumus salam. Malam, raba abin biyu. Dokar tarayya, FMVSS 108, ita ke kula da abin da aka ƙera ko aka sayar, shi ya sa kake ganin tambarin DOT, wato ma'aikatar sufurin Amurka, a gilashin fitila. Abin da ka kunna a kan titi kuma na jiha ne, kuma jihar da tayarka take takawa a lokacin, ba wadda ta ba ka lamba ba. Nan Texas sashe na 547.305 na dokar sufuri ya hana jar wuta da ake hangowa daga gaba, ya hana ja ko fari ko shuɗi mai ƙyaftawa. Tun 1 ga Janairun 2025 an daina duba lafiyar ƙananan motoci na shekara-shekara, sai wasu suka ɗauka an sake musu mara. Dokar fitilun tana nan, ɗan sanda zai tsayar da kai.

Direban tirela, Detroit: Michigan ba wasa. Sashe na 257.698 cewa ya yi duk fitilar da doka ba ta amince da ita ba sai ta kasance a kashe kuma a rufe. Kashewa kaɗai ba ta fisshe ka ba. Pennsylvania kuwa har yanzu ana duba mota duk shekara, kuma ba su yarda da fitilar ado ba. In ka ji tawa, bar ta ƙarƙashin nan.

Mai gareji, Sacramento: Mu a Kalifoniya an yarda da ita, da sharaɗi. Sashe na 25400: haske mai laushi da bai wuce kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 0.05 a kowane murabba'in inci ba, babu ja ta gaba, kuma a bar tazarar inci 12 tsakaninta da kowace fitilar dole. Doguwar fitilar daji ta saman rufi tana ƙarƙashin 24411, guda 8 ne iyaka, kuma a kan titi sai da murfin da haske ba ya ratsawa. Yawanci takardar "je ka gyara" ake bayarwa, ka gyara, a sa maka hannu, ka biya dala 25.

Batun LED ɗin ne ya fi damuna. Kaskon halojin an ƙera shi ne don siririn zaren da ke tsakiyar ƙwai. Guntayen LED ba sa zama daidai wurin, sai hasken ya watse sama, ya kashe idon mai tahowa, kai kuma titin can nesa ya yi maka duhu. Hukumar NHTSA, mai kula da kiyaye haɗurran mota a Amurka, ta ce irin waɗannan ƙwayayen ba su cika ƙa'ida ba. In dole ne, sayi fitilar gaba ɗayanta mai DOT, ka tsaya ƙafa 25 daga bango a shimfiɗaɗɗen wuri, ka saita layin hasken kada ya haura tsayin tsakiyar fitilar. Launi ka tsaya tsakanin 4300K da 6000K (K ma'aunin launin haske ne). 8000K shuɗi yake komawa, shuɗi kuwa na 'yan sanda ne.

Rewaya, Houston: Gaskiyarka, Oga. Na ƙara da sigina: LED ba ya jan wuta kamar ƙwai mai wat 21, sai motar ta ɗauka ƙwan ya ƙone, ta riƙa ƙyaftawa da sauri. Maganinsa rezisto (abin da zai ja wutar da LED bai ja ba) mai om 6, wat 50, ɗaya a kowane ƙwai. Zafi yake yi sosai, a ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, nesa da roba da waya. Doguwar fitila mai wat 120 tana jan kusan am 10, saboda haka ta bi ta rile (makunnin da ke ɗauko wuta kai tsaye daga batir), da fis mai am 15 dab da batir. Kada a jona ta da wayar fitilar gaba, narkewa za ta yi.

Direban tirela, Detroit: Masu shafa wa danja baƙin tinti su ma su ji. Texas, Florida da Kalifoniya duk ƙafa 1,000 suke so a hango jar wutar baya. Tintin ya yi kauri, tara ce. In aka buge ka ta baya kuma, lauyan wancan ɓangaren da shi zai fara.