Tabilet za ta iya tuƙa ƙaramin injin CNC, ko dole sai kwamfuta?

Kafinta_Garwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema a kan ƙaramin injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa, mai tebur santimita 60 da 90. Sitefa (motocin da ke motsa shi taku-taku) NEMA 23 guda uku ne a jikinsa, direba TB6600, sandunan zare samfurin 1605, sifindil (motar da ke juya bakin yanka) mai kilowat 1.5 da ake sanyayawa da ruwa, tare da VFD ɗinta, na'urar da ke saita gudunta. Katin da ke sarrafa shi Arduino Uno ne mai manhajar GRBL 1.1. Aikinsa rubutun allunan shaguna a kan MDF da filawud, da adon ƙofofi da kan gado a katakon ayus da sapeli.

Kwamfutar tebur ba ta jure wa shago: garin katako yana toshe fankarta, kuma da an ɗauke wuta ta mutu nan take. Akwai tabilet Android mai inci 10 a hannu, mai ƙaramin bakin micro-USB. Shin za ta iya maye gurbin kwamfutar gaba ɗaya? Ta waya za a haɗa, ko Bluetooth, ko WiFi? Wasu ayyukan ƙofa suna kai awa 4 zuwa 5, ba na son abin da zai tsaya a tsakiya ya ɓata katako mai tsada.

Mai_Lantarki_Marwa

Wa alaikumus salam, Malam. Za ta iya, domin da GRBL ba kwamfuta ce ke lissafin motsi ba, Arduino ne ke yi. Aikin kwamfuta kawai ta riƙa miƙa layukan G-code, wato umarnin motsi, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan bai fi ƙarfin kowace tabilet ba.

Abin da kake buƙata: ƙaramar wayar OTG (mai haɗa kayan USB da tabilet), tabilet ɗin da ta yarda da OTG (gwada da filashi, idan ta buɗe shi to shi ke nan), da manhaja irin su Grbl Controller. Saita gudun sadarwa a 115200. Yawancin Uno ɗin da ke kasuwanninmu kwafi ne masu ɗauke da guntun USB na CH340, manhajar tana gane shi. Da ka haɗa, rubuta $$, saitunan GRBL za su fito, ka ɗauki hoton duk lambobin kafin ka taɓa komai. Da sandar 1605, wadda ke tafiyar milimita 5 a kowane juyi, da direba a kan taku 1600 a kowane juyi, ya kamata $100 da $101 da $102, wato yawan taku a milimita ɗaya na X da Y da Z, su nuna 320.

Matsala biyu ne. Ta farko caji: bakin micro-USB ɗaya ne, kuma yawancin tabilet ba sa shan caji yayin da suke ba wani abu wuta ta OTG. Ka ba Arduino nasa bolt 9 ta bakinsa na zagaye don rage jan batiri, ka rage hasken allo, ka cire manhajar daga cikin waɗanda Android ke kashewa don tattalin batiri, ka sa yanayin jirgi don kada kira ko sabuntawa ya shigo. Ko da haka awa 5 ganganci ne idan batirin ya tsufa.

Ta biyu ta fi muni, ita ce hayaniyar lantarki da VFD ke watsawa. Alamarta ba ta ɓuya: injin yana tafiya lafiya muddin sifindil a kashe take, da an kunna ta sai USB ta yanke ko ALARM:1 ta fito alhali babu abin da ya taɓa makunnin iyaka. In USB ta yanke, GRBL zai gama 'yan layukan da ke cikinsa ya tsaya cak, sifindil na ci gaba da juyawa da bakin yanka a cikin katako har ya ƙone wurin ya yi baƙi. Sannan da ka sake haɗawa Uno zai tashi daga farko, ya manta inda yake.

Maganin yana wajen wayoyi. Daga VFD zuwa sifindil a sa waya mai jijiya 4 mai ragar ƙarfe, a haɗa ragar da wayar ƙasa. Ka ɗauki mita ka auna tsakanin fil na 4 na sifindil da jikinta, domin da yawa daga cikin sifindilolin China suna zuwa ba a haɗa shi a ciki ba, sai ka buɗe murfin ka haɗa da kanka. Wayar USB ta zama gajera, kada ta wuce mita 1, mai ƙullin ferit a baki biyu, kuma kada ta bi hanya ɗaya da wayar sifindil. In dole su haɗu, su gitta juna kawai. Makunnan iyaka a ɗaura su a matsayin rufaffu, wato a haɗe suke sai an taɓa su, da kafasita 100nF tsakanin kowane fil da GND. Sandar ƙasa kuma ba a busasshen yashi ake kafa ta ba, ka nemi wuri mai laima, kusa da inda ake zubar da ruwa, in ba haka ba da rani sunanta kawai take amsawa.

Da hunturu akwai ƙari. Iska ta bushe, garin MDF yana gudu a cikin tiyon roba na injin zuƙar ƙura, sai ya tara caji ya harba tartsatsi a jikin inji. Zura siririyar wayar tagulla tsirara a cikin tiyon ka kai ta ƙasa.

Bluetooth ta ƙaramin katin HC-05 yana raba tabilet da wayar, ta sami damar shan caji. Sai dai yana zuwa a kan 9600, dole a shiga yanayin AT a ba shi AT+UART=115200,0,0, a kuma rage bolt 5 na TX ɗin Arduino da resista 1k da 2k kafin ya shiga RX ɗinsa. Fil 0 da 1 yake rabawa da USB, ba a amfani da su biyun lokaci ɗaya.

CNC_Injamena

Duk abin da Malam na Marwa ya faɗa game da wayoyi daidai ne, a yi shi ko da wace hanya aka zaɓa. Amma ga aikin awa 5 ban goyi bayan USB ko Bluetooth ba. Uno yana da ma'ajin karɓa na bayit 128 kacal, wato layi huɗu ko biyar. Ma'ana duk tsawon awa 5 ɗin nan rayuwar katakonka tana rataye ne a wuyan tabilet, ba ta da damar yin gyangyaɗi ko na daƙiƙa biyu. A sassaƙar fure mai tudu da kwari abin ya fi tsanani: layuka gajeru ne, milimita 0.1 kowanne, idan kana gudun milimita 2000 a minti kana cinye layi sama da 330 a daƙiƙa, alhali 115200 ba ta wuce bayit 11,500 da ɗoriya a daƙiƙa ba. Kana dab da bango ke nan. Shi ya sa za ka ji injin yana tafiya yana tsayawa kamar mai tari, ya bar zane-zane a fuskar aiki.

Canja katin ya fi canja kwamfuta. Ka sa katin ESP32 mai manhajar FluidNC da gurbin katin SD. Fayil ɗin yana zaune a cikin SD, a jikin injin. Tabilet ta zama fuska kawai: da ita za ka matsar da baki, ka saita sifili, ka zaɓi fayil, ka danna farawa. Daga nan ko batirinta ya mutu, ko yaron shago ya fita da ita waje, aiki na ci gaba.

Ga yadda ake yi. Sau ɗaya kake buƙatar kwamfuta mai Chrome don loda FluidNC ta USB. Da ya tashi, katin yana buɗe nasa WiFi mai suna FluidNC, kalmar sirri 12345678. Haɗa tabilet da shi, buɗe burawuza, rubuta 192.168.0.1, shafin sarrafawa zai fito. Babu buƙatar intanet ko kaɗan, babu manhajar da za a sauke. Android zai yi ƙorafin cewa wannan WiFi ba shi da intanet, ya nemi komawa data. Kashe datar, ka ce masa ya zauna a nan. Kalmar sirrin kuma a canja ta a ranar farko, kowa ya san ta. Katin SD a tsara shi FAT32.

Wurare uku ake tuntuɓe. ESP32 bolt 3.3 yake fitarwa, direbobi irin TB6600 da DM542 kuwa sun saba da bolt 5 a bakin PUL da DIR. Wani lokaci zai yi kamar yana aiki, sai ka ga da'ira ba ta haɗe bakinta ba saboda taku yana zubewa. Sa 74HCT245, mai ɗaga bolt 3.3 zuwa 5, a tsakani, ko ka sayi katin da ya zo da shi. Na biyu, akwatin ƙarfe yana shanye WiFi, don haka ka nemi samfurin mai bakin eriya ta waje, irin WROOM-32U, ka fito da eriyar saman akwati. Na uku, saitunan ba a lambobin $100 suke ba, suna cikin fayil config.yaml: 320 ɗin nan tana shiga steps_per_mm, abin da ke $110, wato iyakar gudu, ya koma max_rate_mm_per_min. Fayil ɗin yana kula da tazarar farkon layi, tazara ɗaya ta kauce sai ya ƙi karantawa.

Bayan an gama, umarci X ya tafi milimita 100 ka auna da kalifa. In ya yi 99.5, ninka 320 da 100 ka raba da 99.5, sabuwar lambarka ke nan.

Kafinta_Garwa

Allah ya saka da alheri. Saura biyu. In an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, SD ɗin zai cece ni? Kuma zane fa, a tabilet ɗin zan riƙa yi?

Dan_Kusiri

SD ba ya maganin ɗauke wuta, Malam. Abin da ke ceton katako shi ne makunnan gida, wato makunnan da inji ke taɓawa ya gane inda yake. Sa su a X da Y da Z, ka kunna komawa gida ($22=1 a GRBL), kullum ka fara da $H, umarnin komawa gida. A Uno mai GRBL 1.1 makunnin Z a fil 12 yake, ba 11 ba. Masu CNC Shield V3 su lura, rubutun da ke jikinsa na tsohon tsari ne, wayar Z tana zuwa inda aka rubuta SpnEn. Sifilin aiki kuma ka kafa shi da G10 L20 P1 X0 Y0 Z0, wanda ke ajiye shi a G54 cikin ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa. Kada ka yi amfani da G92, wannan da wutar yake tafiya.

In wuta ta dawo: kada ka kwance katako, kada ka cire baki. Ɗaga Z, yi $H, sifilinka yana nan inda ka bar shi. Aiki gajere ka sake shi daga farko, zai bi iska har ya iso inda ya tsaya. Dogon aiki ka buɗe fayil, ka bar kansa (G21, G90, G54), ka goge layukan da aka riga aka yanka amma ka koma baya kaɗan, ka ƙara G0 Z10, M3 S18000, G4 P5 don sifindil ta kai gudunta, sannan G0 zuwa X da Y na wurin, sannan ka sauka da G1 a hankali. Mafi sauƙi tun daga zane a raba aiki gida-gida, sharar fage daban, gyaran fuska daban, kowane fayil kada ya wuce awa ɗaya.

Hattara da ƙaramar ondila (UPS) ta kwamfuta. Ba ta ɗaukar sifindil mai kilowat 1.5. Idan ka ɗora mata kati da direbobi kawai, wuta ta tafi, sifindil za ta mutu sitefa na ci gaba da jan baki cikin sapeli, nan take ya karye. In za ka sa ta, haɗa da rilai mai nadin bolt 220 a gefen wutar gari, yadda da ya saki zai haɗa fil ɗin dakatarwa da GND (A1 ne a Uno). Inji ya tsaya, lissafinsa bai ɓata ba. Haka ma lokacin juyawa zuwa gurup, wato janareto.

Zane kuwa, nemi kwamfuta a ɗaki mai tsabta. Manhajojin zane, Aspire da VCarve da ArtCAM, na Windows ne. Wajen fitar da fayil zaɓi tsarin GRBL mai milimita. In ka ga error:20 a kan Uno, fayil ɗin yana ɗauke da abin da GRBL bai sani ba, galibi M6 na canjin baki ko G81 na huda. Error:33 kuma layin lanƙwasa ne, G2 ko G3 da lissafinta bai haɗu ba, yawanci saboda an fitar da lambobi da gurbi kaɗan bayan ɗigo. Fayil ya zo tabilet ta filashi ko WhatsApp, daga nan ka ɗora shi SD ta shafin sarrafawa kafin a fara yanka, ba lokacin da inji ke aiki ba.

Mai_Lantarki_Marwa

Na yarda da hanyar SD ga dogon aiki. Abu ɗaya dai kada a sassauta: maɓallin tsayawa da ke kan allon tabilet ba birki ba ne. Yatsa mai gumi da garin katako ba ya kama gilashi, WiFi kuma yana iya jinkiri daidai lokacin da baki ya shiga ƙusa. A sa jan maɓallin gaggawa na gaske, rufaffe, a layin kontakta da ke ba direbobi da VFD wuta, a inda hannu zai kai ba sai an duba ba. Dakatarwa da ci gaba ma a yi musu maɓallan hannu, A1 da A2 a Uno, a FluidNC kuma feed_hold_pin da cycle_start_pin.

A watan Maris da Afrilu nan arewa zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Batirin litiyum ba a so a yi masa caji sama da digiri 45, yana kumbura ya ɗaga gilashi. Kafa tabilet a bango nesa da VFD da taga, kada a naɗe ta cikin leda mai kauri tana caji, a toshe bakunanta da ba a amfani da su da salatif.

Ga masu karatu da injinsu ba GRBL ba ne: manhajar Mach3 sai Windows, kuma ta tsohon bakin firinta sai mai bit 32, don haka tabilet Android ba ta da shiga, tabilet mai Windows za ta yi idan akwai kati na waje irin UC100. NC Studio mai katin PCI sai kwamfutar tebur. Mai rimot ɗin DSP irin RichAuto A11 ba ya buƙatar ko ɗaya, filashi kawai yake ci. iPad ba ta magana da CH340 ko HC-05, amma shafin FluidNC yana buɗewa a cikinta kamar kowace tabilet.

Gwajin farko a yi shi a iska: ɗaga sifilin Z milimita 30 sama da katako, kunna sifindil da famfon ruwa da injin zuƙar ƙura duka, bar fayil mafi tsawo ya tafi har ƙarshe. In ya gama, tura G0 X0 Y0 ka duba ko baki ya dawo kan alamar fensir ɗin da ka yi.