Neman shawara: ƙusar maƙera tana tsaga mini katako

Kafinta Ƙarami, Katsina:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayena da yayyena a sana'a. Wani aiki ne ya tsaya mini yau kwana 4, ina neman shawararku.

Wata Hajiya ce ta kawo mini tsohuwar adaka, ta ce ta kakarta ce, da ita aka kai ta ɗakin miji. Katakon maɗaci ne, ya yi duhu, ga nauyi. Gara ta cinye allo 2 na gindi, kuma ɗaya daga cikin sandunan da ke riƙe da marfin ta ciki ya karye. Da na fara kwancewa sai na tarar ƙusoshin ba irin namu na kasuwa ba ne. Masu kusurwa 4 ne, kansu faffaɗa da alamar guduma, jikinsu yana siranta har zuwa tsini. Na marfin kuwa an buga su sun fito ta baya, sannan aka lanƙwasa bakinsu aka mayar cikin katako. Hajiya ta roƙe ni kada in canza wa adakar kama, domin 'yarta za ta ba wa.

Na kai wa maƙeri guda ɗaya ya ƙera mini irinta 40. Ta farko da na buga, allon ya tsage kusan ɗani guda. Na juya ɗaya gefen, nan ma haka. Allon maɗaci sukutum ya tafi a banza, kun kuma san kuɗinsa yanzu. Abokin aikina ya ce in daina wahalar da kaina, in sa gam da sukuru in rufe kawunan, amma hankalina bai kwanta ba, don amana ce aka ba ni. Laifin ƙusar ne, ko na katakon, ko nawa? Kuma yaya magabata suke lanƙwasa ta ba ta karye ba? Biyu da na gwada lanƙwasawa duk sun ɓalle.

Baba Kafinta, Zariya:

Wa alaikumus salam ɗana. Ba ka faɗa ba, amma daga yadda ka kwatanta na san ba ka huda katakon ba kafin ka buga. Ka dubi ƙusar nan da kyau. Ba ta da bambanci da ƙarfen da masu faskare ke kafawa a gungume su tsaga shi. Siririya ce a baki, tana ƙara kauri ta kowane gefe. In ka tura ta cikin busasshen maɗaci ba tare da ka yi mata hanya ba, dole ta yi aikin da siffarta ta tanada.

Huji 2 za ka yi a wuri ɗaya. Allon sama, wanda ƙusar za ta ratsa, ka huda shi da faɗin da ya kusa kaurin ƙusar a ƙarƙashin kanta, ya rage kaɗan. Katakon ƙasa, wanda za ta kama, ka huda shi da bakin da ya fi siranta, zurfinsa kamar kashi 2 cikin 3 na abin da zai shiga. Sauran kashi ɗayan ita za ta buɗa wa kanta, a nan riƙon yake. In katako mai taushi ne irin malaina, ƙaramin huji ya isa. Maɗaci da kawo da maɗobiya ba sa yafiya, sai ka ƙara zurfi.

Kada ka gwada a jikin adakar. Tsagaggen allon nan da kake baƙin cikinsa, shi ne malaminka yanzu. Ka yanka shi gunduwa-gunduwa, ka yi ta gwada bakin huji daban-daban, a daidai nisan da za ka bari daga bakin allo a aikin gaske, har sai ka samu wanda ƙusa ke shiga da ƙarfi amma katako bai yi ƙara ba. Kunne yana taimakawa. In ta kusa tsagawa za ka ji sautin bugun ya canza.

Tsawon ƙusa kuma ya kai ninki 3 na kaurin allon da kake haɗawa, ko ya gaza kaɗan. Kada ka jera su a kan jijiya ɗaya ta katako, ka ɗan goce da kowace.

Ɗan Maƙera, Kano:

Baba ya gama magana ta ɓangaren katako. Ni ta ɓangaren wuta zan tofa, don a maƙera na tashi. Karyewar da ka gani ba daga hannunka ba ne ɗan'uwa. Ina kyautata zaton da guntun rodi aka ƙera maka su, kuma da aka gama aka tsoma a ruwa. Rodi yana ɗaukar tauri, in aka tsoma shi da zafi sai ya zama kamar ƙashi, ba ya lanƙwasuwa sai dai ya ɓalle. Maƙerinka bai yi da mugun nufi ba, hannu ya saba da tsoma fartanya da gatari, ba ka kuma gaya masa lanƙwasawa za ka yi ba.

Ba sai ka zubar da su ba. Ka mayar masa ya zuga su a gawayin ƙirya su yi ja, ya binne su a toka mai ɗumi su huce da kansu har gari ya waye. Za su yi laushi. In sababbi za a yi maka, ka ce da ƙarfe mai taushi, kuma na marfi a ja bakinsu ya yi siriri da tsawo.

Sannan tsofaffin da ka cire, ina ka kai su? Don Allah kada ka yar. Ka miƙe su a hankali a kan uwar maƙera ko wani dunƙulen ƙarfe, ka mayar da su ramukansu na asali. Wadda ta yi shekaru a cikin adakar ta fi sabuwa dacewa da ita. In kana Kano wata rana ka shiga Gidan Makama ka dubi tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ka ga yadda maƙeran baƙin ƙarfe suka haɗa ƙarfe da ƙusa. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya ga ƙyamaren da idonsa, na itace ne an lulluɓe su da ƙarfe. Aikin iyayenmu ne, ba baƙon abu ba.

Mai Shago, Kaduna:

Allah ya ba ku haƙuri, ni dai ina tare da abokin aikin nasa. Mutanen da sun yi amfani da ƙusar maƙera ne don ita suke da ita. Yau ga sukuru ga gam mai kyau. Lokacin da zai ɓata yana gwaji da zirga-zirga wurin maƙeri, Hajiya za ta biya shi? Muna da iyali, kuma haya ba ta jira. A gyara kaya su yi ƙarfi, shi ne haƙƙin mai kaya.

Baba Kafinta, Zariya:

Maganar kuɗi gaskiya ce Alhaji, kuma ya kamata ya gaya wa Hajiya tun yanzu cewa aikin zai ɗara abin da suka yi ciniki. Amma maganar ƙarfi ban yarda ba, musamman a marfi. Kowa a nan ya san ƙofar da ke cijewa da damina, hunturu na shigowa ta saki har iska na wucewa. Katako yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Sandan da ke bayan marfi a gicciye yake. In ka manne shi da gam ka ɗaure da sukuru, allon zai so ya tsuke sandan ya hana shi, sai ya tsage a tsakiya, ba ranar da ka ba da kaya ba, bayan hunturu 1 ko 2. Ƙusa mai laushi kuwa tana ɗan sunkuyawa ta bi allon, ta dawo tare da shi. Abin da ya sa adakar ta kai hannun jika da marfinta lafiya ke nan. Na gyara da yawa da aka lalata da gam, ina jin ciwon abin.

Injiniya, mazaunin Ingila:

Gaisuwa ga Baba. Ni ba kafinta ba ne na sana'a, sha'awa ce ta sa nake taɓa aikin katako a ƙarshen mako, amma zan ƙara wani abu kan maganar Alhaji na Kaduna.

Tsakanin ƙusar maƙera da zagayayyiyar ƙusar waya da muka sani akwai wata iri ta uku, wadda inji ke yankowa daga faifan ƙarfe. A Amurka aka fara ƙera injinan a ƙarshen ƙarni na 18, wani Jacob Perkins ya yi rajistar nasa a 1795. Ita gefe 2 kawai take siranta, ɗayan gefe 2 a miƙe suke, bakinta kuma dakusasshe ne, ba tsini. Ta yi kusan shekara 100 tana mulki kafin ƙusar waya ta ture ta a ƙarshen ƙarni na 19. Ba don ta waya ta fi riƙo ba ne, don ta fi araha da saurin ƙerawa ne. Ta waya raba jijiyoyin katako take yi ta ratsa tsakaninsu, jikinta kuma sumul. Mai kusurwa kuwa yanke jijiyoyin take yi ta danna su ƙasa, sai su zama kamar ƙayar kifi, in ka zo zare ta su riƙe.

Har yanzu ana yin ƙusoshi masu kusurwa. Kamfanin Tremont a jihar Massachusetts tun 1819 yake, Rivierre a garin Creil na Faransa kuma tun 1888, kuma masu gyaran tsofaffin gidaje da kayan ɗaki a nan suna saye da tsada. Abin da nake so Kafinta Ƙarami ya riƙe: in irin yankakkiyar nan ta faɗo hannunka, gefen da ke ƙara faɗi ya bi tsawon jijiyar allon sama, kada ya gitta ta. In ka juya ta, ko ka huda sai ta tsaga. Ku kuwa da kuke da maƙeri a bayan gida, abin da mu ke yin oda daga wata ƙasa yana kusa da ku.

Baduku, Sakkwato:

Ni da fata nake aiki, amma ga wata 'yar gudummawa. Baƙin kuloko da muke rina fata da shi, haɗuwar ƙarfe ne da sinadarin da ke cikin bagaruwa. Akwai itatuwan da ke ɗauke da irin wannan sinadari, shi ya sa za ka ga baƙin tabo zagaye da kan ƙusa in katako ya sha lema. Ka ce wa maƙerin ya shafa musu mai ko kakin zuma tun da sauran ɗuminsu, yana rage tsatsa. Ka kuma gaya wa Hajiya a ɗora adakar a kan wani abu, kada gindinta ya taɓa ƙasa.

Kafinta Ƙarami, Katsina:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo da bayani. Na mayar wa maƙerin, ya gasa su ya binne a toka kamar yadda Ɗan Maƙera ya ce, ya ma ce da na gaya masa tun farko da bai tsoma ba. Na yi gwaji sau 7 a guntaye kafin na dace da huji. Tsofaffin ƙusoshi 11 na samu na miƙe, 9 sun koma ramukansu, 2 tsatsa ta cinye su. Na kira Hajiya na yi mata bayanin ƙarin kuɗi, ta amince ba gardama. Sandan marfi ya hau, babu tsaga ko ɗaya. Saura lanƙwasa bakin ƙusoshin da kuma allunan gindi. Baba, ta wane gefe zan kwantar da bakin?

Baba Kafinta, Zariya:

Madalla ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka kwantar da shi a gicciye da jijiyar katako, ba a tsawonta ba, don in ya bi jijiya zai nutse ya buɗe ta. Ka fara kama tsinin da awartaki ka ɗan karya shi kamar ƙugiya, ka tokare kan ƙusar ta ɗaya gefen da dunƙulen ƙarfe, sannan ka buga a hankali har ƙugiyar ta shige cikin sandan.

Allunan gindi kuma kada ka sa musu gam. Yanzu hunturu ne, katakonka ya tsuke iyakar tsukewarsa, saboda haka kada ka matse su da juna. Ka sa kwabo a tsaye tsakanin allo da allo kafin ka buga, in ka gama ka zare. In damina ta sauka za su cike wurin da kansu.