Yadda Muka Fara Koyon Rubuta Manhajar Kwamfuta

Mai tambaya, daga Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Na gama sakandare, ina zaman jiran shiga makarantar gaba, kuma ina so in koyi rubuta manhaja kafin lokacin. Ba ni da kwamfuta, sai wayar Android. Ina roƙon yayyena da suka riga ni shiga harkar su faɗa mini ta inda suka fara.

Wani ma'aikacin fasaha, daga Kawo:
Wa'alaikumus salam, ƙanina. Da Python na fara, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma a waya na fara, da manhajar Pydroid 3, wadda idan ka sauke ta ba ta buƙatar data kafin ta gudanar da abin da ka rubuta. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne gurbin da ake bari a farkon layi, domin da shi Python ke gane umarnin da ke ƙarƙashin wani sharaɗi, kuma a ƙaramin allon waya ido ba ya saurin ganin inda ya karkace.

Wata ɗaliba, daga Tudun Wada:
Yaya, ban musa maka ba, amma ni a ganina ba harshen ne farko ba, tunanin ne. Na bi darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa kyauta a intanet. Ana farawa da Scratch, inda ake haɗa umarni ta hanyar jan tubala a allo, sannan a shiga harshen C, daga baya Python. Abin da ya buɗe mini ido shi ne neman suna a cikin littafin lambobin waya. Idan sunayen suna jere bisa haruffa, sai ka buɗe tsakiya, ka ajiye rabin da babu sunan, ka sake raba ragowar. Suna 1,000 ba za su wuce mataki 10 ba, suna miliyan ɗaya kuwa mataki 20 ya ishe su. Tun daga ranar nake tambayar kaina mataki nawa aiki zai ci kafin in rubuta ko layi ɗaya. Bidiyon suna da tsawo ƙwarai, don haka da dare nake sauke su.

Wani malamin lissafi, daga Barnawa:
'Yata ta yi gaskiya. Mu a zamaninmu a takarda muka koyi FORTRAN, wani tsohon harshen rubuta manhaja, kuma har yau ina sa ɗalibaina su ja layuka a littafi, su bi umarni ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta yadda kowace lamba ke canzawa a duk lokacin da aka maimaita umarnin. Da haka suke fahimtar cewa a Python ƙidayar jeri daga 0 take farawa, don haka jeri mai abu biyar a 4 yake ƙarewa. Ranar da aka ɗauke wuta ma aiki bai tsaya ba.

Wata mai shagon ɗinki, daga Rigasa:
Ni ba ɗaliba ba ce, lissafin adashin unguwarmu ne ya kai ni. Na rubuta 'yar manhaja da ke nuna wadda ta zuba da wadda za ta kwasa a kowane mako. Ƙanina, idan saƙon kuskure mai jan launi ya cika maka allo kada gabanka ya faɗi. Ka fara karanta layin ƙarshe, nan ne Python ke faɗin irin kuskuren, a samansa kuma akwai lambar layin da za ka koma ka duba.