Zane a bangon tashar jirgi: ado ne ko almubazzaranci?

Sani (New York): Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, na kuma san wasu za su yi mini ca. Ra'ayina shi ne, duk tashar jirgin ƙasa da gwamnati za ta gina, doka ta tilasta a ware wani ɗan kaso na kuɗin ginin don aikin masu zane, tun kafin a ba da kwangila. Ga dalilina. A nan New York an buɗe layin ƙarƙashin ƙasa na Second Avenue ranar 1 ga Janairun 2017. Aikin ya ci kusan dala biliyan 4.5, zanen tashoshinsa huɗu kuma kimanin dala miliyan 4.5. Ɗaya cikin dubu ke nan, kamar mutum ya gina gidan naira miliyan goma ya kashe dubu goma a adon ƙofar zaure. A tashar titi na 72, wani mai zane ɗan Brazil, Vik Muniz, ya jera mutane sama da talatin a bango, tsayinsu tsayin mutum, duk da gutsattsarin gilashi masu launi aka haɗa su. Nakan ga mutum ya taso daga aiki a gajiye, ya tsaya yana nuna wa ɗansa. Yanzu ga layin Kano zuwa Maraɗi ana kan aikinsa, kilomita 284, zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Me za a gani a bangon waɗannan tashoshi?

Hajiya Rabi (Kano): Wa alaikumus salam. Sani ƙanena, ka daɗe ba ka zo gida ba. Ni da nake hanya kusan kowane mako da kaya, ba bango nake kallo ba. Kwanaki na yi awa uku a wata tasha, ban ɗaki babu ruwa, kujerun ba su isa ba, wata mai goyo a kan buhuna ta zauna. A fara ba ni ruwa da inuwa da wurin salla, jirgi ya zo kan lokaci, sannan a yi mini zancen ado.

Sani (New York): Gaskiyarki Hajiya. Amma ɗaya cikin dubu ba shi zai hana famfo kawo ruwa ba.

Hajiya Rabi (Kano): A can ne yake ɗaya cikin dubu. A nan wa zai ƙirga?

Aminu (Kaduna): Yaya Sani, tunda New York ka kawo, bari mu tsaya a can. Ni da keken guragu nake yawo, shi ya sa nake bibiyar wannan batu. Birnin nan yana da tashoshin jirgin ƙasa na cikin gari 472, kuma mafi yawansu babu lif ɗin da zai saukar da mai keke. Sai da naƙasassu suka kai ƙara kotu, a 2022 hukumar sufurin ta amince za ta gyara kashi 95 cikin ɗari na tashoshin, amma nan da shekarar 2055. Ka ji fa, 2055. Wanda ya haifi ɗa gurgu a yau, sai yaron ya zama magidanci. Wane daɗi zan ji da zanen da ke ƙarƙashin matattakalar da ba zan iya sauka ba? Kuma su kansu Amurkawan ba bakinsu ɗaya ba. A 2015 majalisar dokokinsu ta hana a biya kuɗin zane daga kason sufuri na gwamnatin tarayya, ta bar wa birane su nemo daga aljihunsu.

Sani (New York): Wannan ba ni da ta cewa, Aminu. Sababbin tashoshin da na ambata suna da lif, amma tsofaffin kam abin kunya ne.

Injiniya Kabiru (Abuja): Bari in shigo a nan, don ina ganin ana haɗa aljihu biyu wuri ɗaya. Kuɗin gini daban, kuɗin tafiyar da tasha daban. Ruwan ban ɗakin da Hajiya ta rasa, da albashin mai shara, da man janareta, daga kasafin kowace shekara suke fitowa. Ko an soke zanen baki ɗaya, kuɗin ba zai koma famfo ba, a jikin kwangilar zai narke. Sannan bango dole a rufe shi da wani abu. In ba aikin mai zane ba, to farar tayil ce ko fenti, su ma da kuɗinsu. Abin da ya kamata a lissafa shi ne bambancin da ke tsakani. Shi ya sa tun 1985 da hukumar sufurin New York ta kafa sashen zane, take nacewa a kan tayil da gilashi da tagulla, kayan da ake wankewa da ruwa su shekara hamsin. A lokacin jiragen sun cika da rubuce-rubucen fenti, mutane na tsoron sauka tasha, hukumar na neman yadda za ta dawo da fasinja. Ba son ado kaɗai ya kai su ba. Layin Second Avenue kuwa yana cikin mafiya tsada a duniya idan aka auna da tsawonsa, kilomita uku kacal, amma a haƙa rami da girman tashoshi kuɗin ya tafi. Wanda ke neman ɓarna a wannan aiki, ba a bango zai same ta ba.

Inda nake tare da Hajiya shi ne maganar wa zai ƙirga. Na taɓa aiki a wani gini inda aka rubuta “ƙawata harabar shiga” da kuɗi masu kauri. Da aka gama, ɗan kwangila ya kawo ƙaton allon roba da hoton mai gida a jiki. Damina biyu ya yi ya koɗe.

Hajiya Rabi (Kano): To ka gani, Injiniya. Abin da nake gudu ke nan.

Malam Habibu (Katsina): Akwai abin da ba a taɓo ba. Malam Sani yana yabon hotunan mutane tsaye a bango. Tashar Katsina ko Daura wuri ne da za a shimfiɗa darduma a yi salla. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan surar abu mai rai, kuma jama'a da yawa ba za su saki jiki da ita ba. Kuɗin kuma na kowa ne, har da wanda ba ya so. Ban ce kyau haramun ne ba, hadisi ya tabbata cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Amma kada a kwaso na wasu a liƙa mana.

Zainab (Zariya): Allah ya gafarta Malam, ai ba sai mun je aro ba. Ni zane nake karanta a jami'a, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne baƙi na zuwa daga nesa su ɗauki hoton fuskokin gidajen birnin Zariya da Tudun Wada, da Gidan Makama a Kano, da unguwar Birni a Damagaram, mu kuma in za mu yi ginin gwamnati sai gilashi shuɗi da farar tayil kamar banki. Dagi, zankwaye, ɗaurin guga, zanen bakin zaure, duk namu ne. Magina ma ba su tsaya a na da ba, sun zana keke da mota da jirgin sama a bangon attajirai lokacin da waɗannan suke sababbi. Babu sura a ciki, babu abin da zai hana salla.

Kuma Anti Rabi, akwai amfanin da ya shafe ki kai tsaye. Da aka buɗe jirgin birnin Mexico a 1969, kowace tasha an ba ta tambarinta saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Tambarin tashar Chapultepec hoton ƙwaron fara ne, na Candelaria kuma agwagwa. Har yau da su ake gane hanya. Tsohuwar da ta taso daga Jibiya ba ta karanta boko, in ta hango Gobarau a bango ta san Katsina ce, in ta ga rijiyar Kusugu ta san Daura ta iso.

Hajiya Rabi (Kano): Wannan kam na yarda, 'yata. Mahaifiyata ba ta sauka mota sai ta tambayi mutum uku. Amma wannan alama ce mai aiki, ba ita Sani ya fara kawowa ba.

Sani (New York): Ita ce, Hajiya. Mutumin da zai zana Gobarau ɗin, da me za a biya shi in ba a ware ba?

Musa (Maraɗi): Mu nan ƙarshen layin muke, kuma ina jin tsoron a kawo zanen da aka buga a kwamfuta a wata ƙasa a manna mana iri ɗaya daga Kano har Maraɗi. Kamfanin da ke aikin, Mota-Engil, na ƙasar Portugal ne. Sun san dogo da gada, amma ba aikinsu ba ne su san bambancin adon Gobir da na Katsina. In har za a ware kuɗin, a yi gasa a fili, a kafa zanukan da aka shigar inda kowa zai gani, 'yan garin su kasance cikin alƙalai, a kuma buga nawa aka biya wa. In ba haka ba, ina bayan Hajiya.

Aminu (Kaduna): Ni kuma sharaɗina ɗaya. A rubuta a dokar cewa ba za a saki ko kwabo na zane ba sai an tabbatar mai keke zai iya shiga daga bakin titi har cikin tarago ba tare da an ɗauke shi ba. An sha ɗaukata kamar buhu a gaban jama'a. Ba na so in sake.

Injiniya Kabiru (Abuja): Duka biyun za su yiwu, amma sai an sa su tun a takardar zanen gini. Ba a fafe gora ranar tafiya. In an riga an zuba kankare, gangaren keke da adon bango duk sai an fasa kafin a yi, kuɗin ya ninka.

Baba Ɗanjuma (Zariya): Jikana ne yake rubuta mini. Ni magini ne, ubana magini ne. Masallacin Juma'a na Zazzau da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya yi shi, kuma ba a taɓa cewa ga gini ga ado daban ba, tare suke tashi. Yarinya Zainab ta faɗi gaskiya, amma ta bar abu ɗaya. Aikinmu yana son a waiwaye shi. Bangon da aka yi wa makuba ko laso, in an shekara biyu uku ba a duba shi ba, ruwa zai ci shi. A siminti ma ana fitar da zanen, na yi da hannuna, ya fi jure damina, amma shi ma yana son fenti. Kuna ta maganar kuɗin yi, ban ji wanda ya ambaci kuɗin gyara ba.

Sannan wa zai yi? Yaran da na koya wa su bakwai ne. Biyar sun koma jera bulo, ɗaya yana achaɓa, don shekara takan wuce ba wanda ya kira mu zanen ƙofa. Ɗaya ne ya rage a hannuna.

Zainab (Zariya): Baba, in babu damuwa zan zo da abokan karatuna mu ga yadda kuke fitar da zanen a siminti. A aji a takarda kawai muke yi.

Baba Ɗanjuma (Zariya): Ku zo ranar Asabar da hantsi, kafin shafen ya sha iska. Ku sa kayan da ba ku jin tsoron su ɓaci.

Hajiya Rabi (Kano): Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sani, ni har yanzu ruwan ban ɗaki ne a gabana. Injiniya ya ce aljihunsa daban, to a nuna mini wanda ke riƙe da wannan aljihun.