Ma'aikata, yaya kuka ji da komawa aiki da manhaja?

Akawu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ofishinmu an daina yawo da fayil daga tebur zuwa tebur, komai sai ta kwamfuta. Wasu sun rungumi abin, wasu har yau suna kallonsa a kaikaice. Kowa ya faɗi abin da ya gani a wurin aikinsa.

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam. Mu aiki biyu ne ya kashe mana gwiwa. A ce ki shigar da bayanan mara lafiya a kwamfuta, sannan ki sake rubuta su a babbar rajista, don manya ba su gama yarda da na'urar ba. Layi ya yi tsawo, mai jego na tsaye da jariri a kafaɗa, intanet kuma ya ƙi tafiya. Wa zai so abin da ya ninka masa wahala? Da aka janye rajistar, gunaguni ya ragu sosai.

Jami'in kwamfuta: Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tun 1989 wani mai bincike, Fred Davis, ya nuna cewa abu biyu ke sa mutum ya karɓi sabuwar fasaha: ya ga tana da amfani a aikinsa, ya kuma ga tana da sauƙin sarrafawa. A Ingila an ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa bayanan marasa lafiya a 2002, a 2011 gwamnati ta sanar da wargaza shi, kuma cikin abin da aka soka har da rashin jin ta bakin likitoci tun farko. Shi ya sa yanzu kafin mu sauya komai, sai na zauna kusa da mai shigar da bayanan na ga inda yake maƙalewa.

Jami'ar kula da ma'aikata: Akwai kunya ma, ba a cika faɗa ba. Wani dattijo a sashenmu, gwani ne a rubuta wasiƙar ofis, amma da yatsa ɗaya yake laluben haruffa, ba ya so yara su gani. Sai ya ba wani ƙarami kalmar sirrinsa. Da na nuna masa cewa duk abin da aka yi da ita sunansa manhajar za ta rubuta, ya nemi in koya masa bayan an tashi aiki. Yanzu shi ke amsa takardun neman hutu da kansa.

Akawu: Allah Ya saka da alheri. Malam jami'in kwamfuta, ku idan wuta ko intanet ta ɗauke, ina kuke ajiye aikin ranar?